Sunansa Kai

'Yata ta kawo kare ta ajiye mini a shagon kafinta. Ban roƙe ta ba. Cewa kawai na yi ɓeraye sun dame ni tun da uwarta ta rasu, har wayar inji suke ci.

"Baba, irin wannan don ɓera aka yi su," in ji ta.

Na dube shi. Bai kai tsawon zartona ba. Fari ne, kunne ɗaya ja, gashi kamar buroshin ƙarfe. Na ce wannan ai ɓeran ne zai cinye shi.

Ba a daɗe ba ɓeraye suka ƙare. Da ya rasa aikin yi sai ya dawo kaina. Ya tone ƙarƙashin benci. Ya gwigwiye ƙotar guduma. Babur ya wuce, haushi. Ganye ya faɗo, haushi.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Da kalma ɗaya na yi wa 'ya'yana tarbiyya: "Kai!" Ɗana namiji in ya ji ta, ajiye abin da ke hannunsa yake yi ya bar ɗakin. Yanzu yana can nesa, labarinsa sai a bakin ƙanwarsa.

Shi kuwa karen, in na daka masa "Kai!" sai ya sheƙo a guje yana kaɗa wutsiya, ya ɗora ƙafafu a gwiwata.

'Yata ta ja mu wurin likitar dabbobi, yarinya ƙarama mai tabarau. Da ta ji labarin sai da ta riƙe ciki don dariya.

"Baba, ai suna ka raɗa masa. Ba ya jin wata kalma a bakinka sai ita."

Ta ce irinsu ba sa zama wuri ɗaya. A fita da shi safe da yamma ya yi gudu. A koya masa abu ɗaya-ɗaya, in ya yi daidai a ba shi ɗan abin taɓawa. Duka kuwa taurin kai yake ƙara masa.

Na ce, "Ni zan biya kare lada?"

Amma na fara fita da shi, don ƙafafuna na bukatar motsi. Guntun busasshen kifi kuma dama ina ajiyewa a aljihu. Ya koyi zama. Ya koyi sakin takalmi in ya ɗauka. Tela, maƙwabcina, kan leƙo daga kan keken ɗinkinsa.

"Tsoho, kai ke jan sa ko shi ke jan ka?"

Da yamma in na rufe shago, mu zauna a bakin ƙofa kusa da kujerar da uwar yaran ke zama a kai kafin ta rasu. Ba mai zuwa. Ina magana, yana karkata kunnen nan ja.

Sai gwiwata ta kumbura, fita ta gagara. Ya yi ta zagaye shago kamar zai haukace. Rannan ya haƙa rami ƙarƙashin shinge, ya kashe kazar matar tela. Tela bai zo wurina ba, 'yata ya buga wa waya.

Ta iso da babban kwali mai huji-huji.

"Baba, ba ka da ƙafar bin sa. Abokin mijina yana da gona, can zai samu fili. Nan wahala yake sha."

Ba ƙarya ta yi ba. Ta durƙusa tana yi masa fito, tana tafa hannu. Karen ya lafe ƙarƙashin benci cikin dusar katako, ko motsi.

"Don Allah, Baba, kira mini shi. Kai kaɗai yake ji."

Na dubi shagon. Zarto a rataye, kujera babu kowa. Ban ɗaga murya ba.

"Kai."

Ya fito, ya kakkaɓe jiki, ya zo ya zauna a kan ƙafata mai ciwon. 'Yata ta buɗe kwalin ta miƙo hannu.

Na ce, "Rufe kwalinki. Ba inda za shi."