Sunan da Rabo Yake Amsawa

Rabo mutumin Maraɗi ne. Gemunsa ya riga ya yi fari kafin ya samu aikin tuƙa motar ɗalibai a wata makarantar maza da ke unguwar Ƙuba a Madina, kuma Larabcinsa bai wuce na sallah da na cefane ba. Tun makon farko yara suka raɗa masa suna. "Ya khal, tsaya nan!" "Ya khal, zafi, kunna sanyi!" Ya tambayi maƙwabcinsa, wani tela ɗan Sudan, tela ya ce ai khal ɗan'uwan mahaifiya ne. Rabo ya ji daɗi, ya ce 'ya'yan garin Manzo sun san girman na gaba. Shekara biyu yana amsawa da fara'a.

Ran wata Talata ana komawa gida, wani yaro mai suna Saif ya leƙo ta bayan kujera ya faɗa wa Zakiru magana, Zakiru ya juya ya fasa masa leɓe. Zakiru ɗan Hausawa ne haifaffen Madina, ubansa yana aikin dabino a Khaibar, sai wata-wata yake zuwa gida. Faɗansa na uku ke nan a shekarar, dokar makaranta kuwa a na uku kora ce.

Mudir, wato shugaban makarantar, Ustaz Abdulfattah, ya kira Rabo ya tambaye shi abin da ya ji.

"Wallahi bai zage shi ba," in ji Rabo. "Khal ya ce masa, yadda suke ce mini. Yaron ne da zafin hannu."

Mudir ya sunkuyar da kai, ya yi rubutu, ya ce takardar kora za ta fita ran Alhamis.

Washegari Rabo ya tsaya sauke yara a layin su Zakiru, sai ga mahaifiyarsa Lauratu a bakin ƙofa, yaron yana raɓe a bayanta.

"Baba Rabo, ashe da bakinka za a kore mini ɗa?"

"'Yar nan, gaskiya na faɗa. Tela maƙwabcina ya ce mini khal kawu ne. Don an ce wa mutum kawu sai ya kai duka?"

"Kawu! Ɗan shekara goma sha ɗaya kawun wa ne? Baba, direban ɗaya motar, Bamisiren nan, ka taɓa jin sun kira shi haka?"

Rabo ya lalubo a ransa duk wanda ya taɓa jin an kira da sunan: shi, da mai shara ɗan Cadi, da Zakiru. Babu fari ko ɗaya.

"A bakin telanka kawu ne," in ji Lauratu. "A bakin waɗannan, baƙar fata ake nufi, ana tuna maka daga ina ka fito."

Ya dubi yaron. "Kai kuma me ya hana ka faɗa?"

Zakiru yana jin Hausa amma da Larabci yake mayarwa. Ya ce, "Wa zan faɗa wa? Kai ma amsawa kake yi."

Wannan maganar ta fi mari. Dattijo ya ja mota kunya na cin sa har ƙafa.

Ran Alhamis da ya sauke yara da safe, bai wanke mota ba kamar kullum, ofis ya nufa. Takardar tana kan tebur, saura sa hannu.

"Ustaz, wata alfarma na zo nema. Ka kira ni khal."

"Subhanallahi, ya Hajji, ina ni ina wannan?"

"Ba kawu ba ne? Na girme ka, na isa kawunka. Faɗi mana."

Mudir ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce ba zai iya ba.

"To abin da bakinka ya ƙi, shi kunnen yaron nan yake sha kullum. Shaidata ta ran Talata shaidar jahili ce, na janye ta. Ni ban sani ba. Kai ka sani, ka yi shiru ka rubuta."

Ya faɗa da karyayyen Larabcinsa, yana jiran a nuna masa ƙofa, ya san iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun makarantar take. Sai ya ga mudir ya jawo masa kujera. Mutumin ya ce gaskiya ne, har a ɗakin malamai yana jin kalmar, ya ɗauke ta wasa. Ya ce ya daɗe yana mamakin yadda sunayen baƙaƙen yara suka cika littafin faɗa, bai taɓa tambayar abin da ake faɗa musu kafin su kai hannu ba.

"Kai da kake jin su a mota, ta ina zan fara?"

Rabo bai yi boko ba, amma ya yi renon 'ya'ya bakwai. Ya ce a fara da malamai, don yaro bakin babba yake kwaikwayo. Ya ce duk ran da aka rubuta naushi a littafi, a rubuta maganar da ta jawo shi a gefensa. Ya ce mudir ya bar ofis wata rana ya shigo mota ya zauna a kujerar baya.

Mudir ya yi dariya karon farko, ya ce sai dai Lahadi, ranar da ake dawowa makaranta bayan hutun Juma'a da Asabar. Ya ninke takardar ya jefa a kwandon shara. Zakiru zai zauna gida kwana biyu saboda hannunsa, Saif kwana biyu saboda bakinsa.

Rabo ya fito ya zauna a inuwar dabinon bakin ƙofa. Ya kira Lauratu a waya. Ta yi ta hamdala, ta ce bari ta buga wa Khaibar, uban yaron kwana biyu bai ci abin kirki ba.

"Buga masa," in ji Rabo. "Kuma ki gaya wa ɗanki duka ba tarbiyya ba ce. Ran Talata shida da rabi ya fito bakin titi, ba na jiran kowa."