Ƙofar Bangon Hagu

Shekara goma sha ɗaya ina haɗa ɗakuna a masana'anta. A ƙarƙashin rumfa ɗaya muke gama komai: bango mai soso a ciki don hana zafi, taga, wayoyi, farantan sola a kan rufi. Sai babbar mota ta ɗauki ɗaki sukutum, ta kai wa mai shi. Ban taɓa ganin wanda ya kwana a ɗakin da na haɗa ba, in ban da ni.

Nawa guda ɗaya ne, a bayan gari. Irin ɗakunan nan ana jona su da juna, shi ya sa na bar kusoshin jonawa a bangona na dama, duk ƙarshen wata ina shafa musu giris. Faranti shida na ɗora, alhali ƙwan fitila ɗaya da fanka ne duk kayana. Kafin rana ta yi tsaka batir ya cika, sauran wutar ta tafi a banza. Tun rasuwar matata kaɗaici yake ci na, ba zan ɓoye ba.

Ranar da shugaban aiki ya miƙo mini takardar oda sai na ga sunan autata a kai. Ma'aikaciyar jinya ce, shekararta huɗu a wani gari mai nisa. Ja'ira, wato ba-zata za ta yi mini! Ban karanta sauran takardar ba, wa zai koya mini aikina? Na yanka ƙofa a bangon hagu, daidai inda zai haɗu da nawa. Har wayar da za ta ja wuta daga batirina na zura.

Ranar lodi na share filin gefen ɗakina tas, na zauna jiran mota. Ba ta zo ba.

Bayan kwana biyu auta ta kira.

"Baba, ɗakin ya iso, ya yi kyau sosai. Amma akwai wata ƙofa a gefe, in an buɗe ba komai sai katangar maƙwabta."

"Shirmen ma'aikata ne," na ce.

"An ce kai ka haɗa shi."

Na leƙa filin da na share. Sai ta ƙara da cewa:

"Baba, ba zan iya barin aikin nan ba."

"Wa ya ce ki bari? Zan aiko da allon da za a toshe ta."

Washegari na yanka allon, ko awo ban yi ba, na cika shi da soso yadda iska ma ba za ta ratsa ba. Mota ta tafi da shi.

Da wata ya ƙare na ɗauko gwangwanin giris, na daɗe tsaye a gaban kusoshin nan. Sannan na shafa musu.