Ina Kan Wanda Ake Tuhuma?

Injiniya aka ɗora wa kula da ayyukan na'urori a kotunan jiha, kuma babu wanda ya kwanta masa a rai kamar na gidan yari. Motar kai fursunoni kotu kullum tana wurin bakanike. Sai aka ce a kafa kyamara da allo a can, alƙali yana kan kujerarsa, wanda ake tuhuma yana bayan katanga, su ga juna kamar a mafarki.

Ranar gwaji ta faɗo daidai ranar da kotu za ta tafi dogon hutu. Ɗakin da aka ba su da can ma'ajiyar barguna ne, ƙunci kamar akurki, har yanzu yana warin ajiya. An yi wa kyamarar kejin ƙarfe an walde a bango, saboda masu ɗan hali.

Gandiroba ya shigo da wani dattijon tela da ake kira Dogo. Faɗa ya yi da maƙwabcinsa a kan magudanar ruwa, tun lokacin yake jiran a saurari belinsa, motar nan tana hanawa. Ya zauna a kujerar da ke gaban kyamara yana leƙen kansa a gefen allo.

"Ashe haka na rame?" in ji shi.

"Wa ka gani ya yi ƙiba a nan, Baba?" in ji gandiroba.

Sai muryar magatakarda ta fito daga allo: "Kotu!"

Dogo ya yi zumbur ya miƙe, kansa ya ɓace. Abin da ya rage a allon sai ƙirji da maɓallai.

Alƙali ya gyara tabarau. "Ina kan wanda ake tuhuma?"

"Yana wuyansa, ya mai shari'a," in ji gandiroba. Aka ji dariya a can, aka buga tebur.

Injiniya ya turo fuskarsa gaban kyamara. "Ranka ya daɗe, da za a yi masa izini ya zauna."

"A kotuna ba a jin tuhuma a zaune. Kuma ban taɓa ba wa riga beli ba, ido nake duba. In ba zai yiwu ba, sai bayan hutu."

Dogo ya ja da baya, bango ya tare shi. Injiniya ya kama kejin ya jijjiga, ko gezau. Nan ya tuna ranar awo. A kan kujerar nan yake, da kofin shayi a hannu, ya ce wa mai walda, "Nan daidai." Shekara da shekaru yana shiga kotuna yana fita, duk inda ya je ana miƙo masa kujera. Bai taɓa tunanin akwai wanda shari'a ke samunsa a tsaye ba.

"Ya mai shari'a, a dakata, ga ni nan saukowa," in ji Dogo.

Ya lanƙwasa gwiwoyi a hankali, fuskarsa ta sauko cikin allon kamar guga cikin rijiya: gemu, baki, can sai idanu. Ba a tsaye yake ba, ba a zaune ba. Alƙali ya dube shi ya jima, sannan ya ce lauya ya fara.

Lauyan kuwa irin masu son jin muryarsu ne. Bai yi nisa ba ƙafafun Dogo suka fara kaɗawa, fuskar tana lilo a allo, zufa na ɗiga daga gemu. In ya faɗi, magana ta ƙare sai bayan hutu.

Injiniya ya ture kujerar da ƙafa, ya durƙusa a bayan dattijon inda kyamara ba ta kaiwa, ya kafa masa kafaɗa.

"Sakar mini nauyin, Baba," ya raɗa masa.

"Yallaɓai, kayanka masu tsada ne."

"Saki kawai."

Ashe ramammen mutum ma nauyi gare shi. Daga nan ƙasa Injiniya ya ga abin da bai taɓa gani ba a aikinsa: faso a dugadugai, silifa an ɗaure ta da waya, tururuwa suna bin wayar kyamara suna shigewa bango, su kaɗai ke shiga da fita gidan nan ba izini. Shari'ar yana jin ta ta ƙashin kafaɗarsa, duk sanda Dogo ya amsa sai muryar ta ratsa shi.

Ko alƙali ya gane abin da ke ƙasan allon, Allah masani. Ya dai katse lauyan, ya yi wa Dogo tambayoyi yana duban idonsa, ya ba da beli.

Allon ya yi duhu. Gandiroba ya buɗe ƙofa. "To, Baba, sai a tashi daga kan gwamnati."

"Ɗana, kada ka motsa tukuna," in ji Dogo. "Gwiwoyin sun ƙi miƙewa."

Injiniya ya gyara durƙuso, ya jira.