Dodon da Aka Ba Muryar Zayyad

Zayyad ɗan dako ne a kasuwar Maigatari, amma ba dako ne ya sa aka san shi ba. Idan an gama lodin riɗi ko wake, direba ya tafi neman takarda, sai abokan aikinsa su ce, "Zayyad, a ɗan motsa mana jiki." Sai ya ja da baya, ya sheƙo da gudu, ya taka jikin tirela sau uku kamar mai hawa matattakala, ya yi alkafura a sama, ya dira a kan buhu. Tun yana ƙarami yake yi a rairayin bayan gari, ba wanda ya koya masa.

Wani ne ya ɗauke shi a waya ya sa a intanet. Bayan wata biyu sai ga wani mutum mai suna Abdulganiyu ya zo daga Kano yana cigiyarsa. Ya ce wani kamfanin ƙasar waje ne yake haɗa wasan gem, irin wanda ake bugawa a talabijin, suna neman mai irin wannan tsallen. Aka tafi da shi Legas. Kwana tara ya yi a wani babban ɗaki da kamarori suka kewaye, sanye da riga mai matse jiki da aka liƙa wa ƙananan ƙwallaye farare. Ya taka bango, ya yi lilo a jikin ƙarfe, ya mirgina. Sun ɗauki fuskarsa ma: yi dariya, ɗaure fuska, buɗe baki, ƙara buɗewa.

Ran ƙarshe katifar da yake dira a kai ta zame. Ya faɗi a kan hannun hagu, wuyan hannun ya karye, ya ji ƙarar ƙashin da kunnensa. Ya yi ihu. Suka kai shi asibiti aka yi ɗori, suka sallame shi. A hanya Abdulganiyu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ne fa jarumin wasan nan. Duniya za ta gan ka."

Da ya dawo gida ya ce wa Inna daga kan tirela ya zamo, domin ta daɗe tana hana shi wannan tsalle-tsallen.

Shekara biyu shiru. Sai ranar wata Alhamis ƙanwarsa Khairiyya, wadda take karatu a Gumel, ta kira shi ana tsakiyar cin kasuwa.

"Yaya, wasan nan naka ya fito. Yana shagon Ubale, kusa da tasha. Samarin ajinmu ba su da zance sai shi. Sunansa da Turanci yake, amma Hasumiyar Gishiri suke ce masa."

Washegari bayan an sauko daga masallaci, Zayyad ya sa sabuwar shaddarsa ya hau mota zuwa Gumel.

Shagon Ubale ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, talabijin uku, benci huɗu. Zafi da warin gumi da hayaƙin janareto suka tare shi tun daga ƙofa. Ba wanda ya san shi. Ya tsaya a baya ya jingina da bango. A gaban babbar talabijin mutum biyu ne suke karɓa-karɓa da rimot: Anas, direban adaidaita, mai ƙaton murya, da Bilal, tela, siriri mai gilashi. Wasu sun tsaya a kansu suna kallo.

Jarumin wasan wani dogo ne fari, gashi har kafaɗa, da takobi biyu a baya. Bai yi kama da Zayyad ba ko kaɗan. Amma da ya sheƙo ya taka bangon hasumiya, taku uku, ya juya ta kafaɗar dama, ya dira da gwiwa ɗaya a lanƙwashe, sai Zayyad ya gane tsallen. Nasa ne. Har ɗan girgiza yatsun da yake yi kafin ya tashi da gudu, sun sa.

"Ni fa labarin ne bai yi mini ba," in ji Bilal, yana gyara gilashi. "Sarauniyar aljanu ta sace gishirin duniya, to sai me? A ci abinci lami mana. Amma tsallen, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Kamar mutum na gaske."

"Kai dai ba ka iya ba ne," in ji Anas. "Labari ake ci? Abin da ya dame ni kamarar nan ce. Kana tsakiyar lilo sai ta juya ta nuna maka bango, ka faɗa rami. Jiya sau ashirin na mutu a wuri ɗaya."

Wani daga baya ya ce shi takubban ne ba su da nauyi, kamar ana sara da kara. Wani ya ce ƙarya ne. Zayyad yana ji yana murmushi. Har ya buɗe baki zai ce musu shi ne, sai Anas ya ce, "Ku yi shiru, an zo wajen daɗin."

Jarumin ya faɗa cikin wata rijiya mai duhu. A ƙasan rijiyar akwai mushen jakuna, cikinsu a farke, wasu halittu tsirara masu launin toka sun duƙa a kai suna ci. Yawu yana dalala daga bakinsu, ƙudaje suna bin su. Ɗaya ya ɗago kai, hanji yana reto a haƙoransa.

Zayyad ya ga wushiryarsa a bakin halittar. Ya ga tabon da ƙugiyar buhu ta yi masa a girar hagu. An ja fuskar, an faɗaɗa bakin har kunne, an zazzago idanun, amma fuskarsa ce. Na biyu ya ɗago, shi ma ita ce. Duka rijiyar fuskarsa ce.

Anas ya danna. Takobi ya sauka a hannun dodon, hannun ya fita. Dodon ya yi ihu:

"Wayyo Inna!"

Duka shagon suka amsa tare, "Wayyo Inna!" Aka fashe da dariya, wani har yana buga benci.

Zayyad ya san wannan ihun. Sau ɗaya ya yi shi a rayuwarsa, a ƙasan ɗakin nan na Legas, hannunsa a lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Bai san suna ɗauka ba.

"Wannan shi ne wasan," in ji Anas, yana share hawayen dariya. "Ko ina suka samo Bahaushe oho. Kada ka sare kai, in ka sare kai ba ya yi. Hannu za ka fara cirewa. Ku ji." Ya sake sara. Ihun ya sake fitowa, da 'yar shaƙewar da ke ƙarshensa.

Ubale, mai shagon, ya taso zai karɓi rimot ɗin wata talabijin, sai idonsa ya faɗa kan baƙon da ke jikin bango. Ya dubi talabijin. Ya sake duban baƙon.

"Malam," ya ce a hankali, "don Allah ɗan buɗe bakinka."

Kowa ya waiwayo. Dariyar ta mutu. Sai wani a can gefe ya kasa riƙewa, ya tuntsire. Zayyad ya ture mutum biyu ya fita, bai kai bakin titi ba ya durƙusa a kan kwata ya yi ta amai, har ya ɓata gaban shaddarsa.

Ubale ya kawo masa ruwa a buta. Anas da Bilal suka fito suka tsaya a kansa. Da ya kurkure baki ya ba su labari a gajarce, ya nuna musu wuyan hannun da har yanzu yake a ɗan karkace.

Bilal ya tofar da yawu. "Wato karayar gaske muke ta yi wa dariya sati biyu? Tir. Ni na gama da shi."

"To ai ba mu sani ba," in ji Anas. "Kuma ni in ka tambaye ni, ɗaukaka ce. Mutumin Maigatari, ana jin muryarsa har ƙasar Sin. Ni da za a sa tawa, ko a bakin jaki ne, ina so."

"A sa fuskarka tana cin mushe?"

"Wasa ne fa, Bilal. Ba shi ba ne, zane ne."

Zayyad ya ɗago ya dube shi. "Kai ne mai cewa a fara cire hannu?"

Anas ya sosa ƙeya.

Da la'asar Zayyad ya sami Khairiyya a ƙofar gidan da take zama. Ita ba ta taɓa ganin wasan ba, labari kawai take ji. Ta buɗe shafin intanet da masu wasa daga ko'ina suke rubuta ra'ayinsu, tana karantawa tana mayar masa da Hausa. Yawanci yabon tsallen suke, suna zagin kamarar. Wani ya ce wasan ya yi gajarta. Sai ta zo kan masu maganar rijiya, muryarta ta fara sauka.

"Wannan ya ce dodannin sun yi muni sosai, shi ya sa kashe su yake da daɗi. Wannan yana tambaya wane yare ne suke ihu da shi, wani ya ba shi amsa wai ba yare ba ne, kamfanin ne ya ƙirƙira. Wannan kuma..." Ta kife wayar a cinya. "Yaya, ya isa."

"Karanta."

"Ya ce ya sa ihun a wayarsa, duk sanda matarsa ta kira shi yake tashi."

Zayyad ya kira Abdulganiyu. Sai a kira na huɗu ya ɗauka. Ya saurara, sannan ya ce, "Ai ka sa hannu a takarda. Jiki, fuska, murya, duk suna ciki. Kuma tsallen jarumin naka ne, ban yi maka ƙarya ba." Ya ce yana tuƙi, ya kashe.

Kafin sati biyu ihun ya fita daga shagon Ubale ya shiga wayoyi. Masu adaidaita a Gumel suka sa shi, 'yan acaɓa suka kai shi Maigatari. A kasuwa, Zayyad yana ɗauke da buhu sai ya ji kansa yana kuka daga aljihun wani. Waɗanda suka sani suna kawar da kai. Waɗanda ba su sani ba suna maimaitawa. Abinci ya daina shiga masa; in ya ga nama a faranti, rijiyar yake gani.

Inna ta je suna Ɗanzomo, gidan 'yar ƙanwarta. Tana tsakar gida tana raba tuwo, wayar wani saurayi da ya kawo lemo ta yi ƙara a zaure. Inna ta saki kwanon. Zayyad ɗanta ne na fari, tunda ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, "yaron nan" take cewa. Ranar, mata sun ji ta tana kiran "Zayyad! Zayyad!" ta yi waje ba takalmi ba mayafi, tana tambayar maza ina yake, mota ce ta buge shi? Sai da aka kira shi a waya ta ji muryarsa lafiya, sannan ta zauna a ƙasa.

Da ta dawo gida ta sa aka kira Khairiyya daga Gumel, ta ce a nuna mata. Suka yi ta kewaye-kewaye, ta ce ba ta son dogon zance. Khairiyya ta nemo hoton bidiyon rijiyar ta miƙa mata. Inna ta kalla har ƙarshe, bakinta a tsuke, ta miƙa wayar da yatsa biyu kamar ta taɓa kashi, ta sa aka zuba mata ruwa ta wanke hannu.

"Wannan kukan ba na wasa ba ne," ta ce. "A can ka karye."

"A can ne, Inna."

"Ka kira ni, suna tsaye suna ɗauka."

Zayyad ya sunkuyar da kai.

"Kai kuma ka dawo ka ce mini tirela." Ta juya ga Khairiyya. "Ke da kika yi boko, ba inda ake faɗa musu?"

A nan tsakar gida suka rubuta. Zayyad yana faɗa, Khairiyya tana juyawa da Turanci: sunansa, garinsu, yadda katifa ta zame, da cewa kalmomin Hausa ne, ma'anarsu mutum yana kiran mahaifiyarsa. Inna ta ce a ƙara da cewa ita ba ta yafe ba. Aka ƙara. Shafin ya nemi a ba wasan tauraro daga ɗaya zuwa biyar. Khairiyya ta nemi inda ake ba da babu, ba ta samu ba, ta danna ɗaya.

Kwana uku rubutun ya yi. Mutum goma sha wani abu suka amsa. Wata mata ta ce ta goge wasan daga na'urarta, ta ba da haƙuri. Wasu suka ce ƙarya yake, suna yake nema. Wani ya ce yanzu ma ya fi ba shi dariya. Ran na huɗu aka cire rubutun, aka aiko wa Khairiyya saƙo cewa shafin na waɗanda suka sayi wasan ne kawai.

Bilal bai sake taka shagon ba, kuma duk wanda ya kawo masa ɗinki wayarsa ta yi wannan ihun, sai ya mayar masa da yadinsa. Ubale ya yi kwana biyu yana cewa zai goge wasan. Bai goge ba, domin shi ne yake cika masa benci. Abin da ya yi, ya zare wayar lasifikar babbar talabijin, ya aika wa Zayyad cewa an gyara.

Wata ranar kasuwa Anas ya kawo fasinja Maigatari, ya nemo Zayyad a bakin tirela. Ya gaishe shi da hannu biyu, ya ce ya cire ihun daga wayarsa, ya nuna masa.

"Kana yin wasan har yanzu?" in ji Zayyad.

"Ina yi. Saura kaɗan in gama." Ya mayar da wayar aljihu. "Amma gaskiya, ba sauti, rijiyar ba ta da wani armashi."

Zayyad ya dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ya juya ya ce wa na kan tirela ya sako masa buhu.