Farin Tsuntsu a Gonar Mati

Mati yana cirar gyaɗa a gonarsa da ke bayan Minjibir ya ga wani farin abu kwance a kunya. Ya ɗauka leda ce. Da ya matsa sai ya ga tsuntsu, bai kai kurciya nauyi ba, fukafukai dogaye, kai baƙi, ƙafafu irin na agwagwa. A ƙafar dama akwai ɗan zoben ƙarfe mai rubutu. Shekarunsa sittin da biyu bai taɓa ganin irinsa ba. Tsuntsun ko motsi bai yi ba da ya ɗauke shi.

A gida matarsa Sauda ta watsa wa tsuntsun gero, ta jiƙa tsaki, duk ya ƙi.

"Wannan ba ciwo ke damunsa ba, gajiya ce," in ji ta.

'Yarsu Tahira, wadda ke karatu a jami'a wajen Rijiyar Zaki, tana gida hutu. Ta ɗauki hotonsa ta tura wa wani malaminsu mai nazarin tsuntsaye. Bayan la'asar malamin ya kira, ta miƙa wa mahaifinta wayar.

"Baba, tsuntsun teku ne," in ji malamin. "Can arewacin Turai suke ƙwai, a tsibirai. In sanyi ya gabato su bi gaɓar teku su yi kudu, wasu har ƙarshen duniya, sannan su koma. Kowace shekara haka. Iska ce ta jefo wannan."

"To me yake ci?"

"Ƙananan kifi kawai. Kuma irin tsuntsayen nan suna raguwa, Baba. Kifin ya yi ƙaranci, ɓeraye na shan ƙwansu. Masu binciken da suka sa masa zoben nan ƙila sun yi shekaru suna jiran labarinsa. In da hali a kai shi bakin ruwa."

Mati ya tuna gyaɗarsa da ta fara tsira a ƙasa, da ƙugunsa da ke masa ciwo tun damina. Ya ce to.

Da safe ya sa tsuntsun a kwali, ya ɗaure a bayan keke, ya nufi dam. Hanyar dam yashi ce, rabinta turawa ya yi. Can ya tarar da wani masunci, Kamaruddeen, yana gyaran koma. Masuncin ya tsinto ƙananan kifi guda uku. Da ƙyar suka buɗe bakin tsuntsun ya haɗiye ɗaya, na biyu ya amayar.

Suka ajiye shi a bakin ruwa. Ya tsaya yana kallon ruwan, fukafuki ɗaya na jan ƙasa. Mati ya zauna kan tudu har azahar yana jira ya tashi. Bai tashi ba.

"Ka tafi, Baba, zan riƙa dubawa," in ji Kamaruddeen.

Kwana huɗu bayan nan suka haɗu a kasuwa. Masuncin ya ce washegari bai sami tsuntsun ba, babu gawa, babu gashi. Ko ya tashi, ko shaho ya ɗauke, bai sani ba.

Da Mati ya dawo, Tahira ta ce malaminsu ya kira sau biyu yana tambaya.

Mati ya jingine keken, ya zauna kan tabarma yana cire takalmi a hankali.

"Ki gaya masa ya ci kifi ɗaya," ya ce. "Iya abin da na gani ke nan."