Takalman Namdev Kaka

"Ku karkata kujerar, jakai! Mutum kuka ɗauko ko buhun albasa?"

Namdev Kaka ne ke wannan masifar. Yana zaune ɗare-ɗare a kujerar roba, mijina Yunus na riƙe da gaba, Anton direban tasi na riƙe da baya, suna saukowa da shi daga benenmu na unguwar Parel. Ni ina biye da lema. 'Yarsa Vatsala ta tsaya a saman matakala ta riƙe ƙugu.

"Baba, likita ya ce ko bakin ƙofa kada ka leƙa! In ka mutu a silima wa zai ɗauko ka?"

"To ki zo ki ga inda zan mutu mana, ki huta da cigiya."

Vatsala ta juyo gare ni. "Zubeda, ki yi masa magana, ke yake jin taki."

"Ni? Tun ina amarya yake kushe shayina," na ce. "Ɗauko jakarki kawai, ki daina mana wa'azi."

Bango ɗaya ya raba ɗakinmu da nasa, don haka na san tsohon nan ciki da bai. Aikinsa sanya sauti a fim. A zamaninsu sai an gama ɗaukar hoto ake komawa ɗaki a ƙirƙiro ƙarar ƙofa da ta mari da ta sawu. Kaka yakan tsaya cikin akwatin katako mai tsakuwa, idonsa a kan allo, ya yi wa kowane ɗan wasa tafiyarsa. A tsohon fim ɗin nan na 'yan fasa-ƙwaurin tashar jiragen ruwa, wanda babu gidan da ba a haddace shi ba, kafin a ga fuskar bos ɗin, Tandel, sai an fara jin sawunsa: ƙwas, sannan shuuu. Ƙafa ɗaya na dukan ƙasa, ɗaya na ja. Har gobe yaran layinmu da shi suke tsorata juna. Ƙafafun Kaka ne.

Sunansa bai fito a allo ba, kuma wallahi ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. In ya fara yabon mai kyamarar fim ɗin da masu riƙon fitila, sai tukunyarki ta ƙone. Abin da ke cin ransa Vatsala ce. Tana ƙarama ta yi alfahari a makaranta cewa babanta ɗan fim ne, aka ce ta nuna shi, ta rasa inda za ta nuna. Suka laƙa mata "'yar takalmi". Tun daga ranar ba ta yarda ta kalli fim ɗin ba, ko a talabijin aka sa sai ta fice. Yanzu ga ta da furfura tana koyar da lissafi, amma abin bai bar ta ba.

Da aka gyara fim ɗin aka ce za a nuna shi da safiyar Lahadi a tsohuwar silimar unguwar Dadar, zuciyar Kaka ta riga ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura sumtum. Ya ce mini, "Ni na ji shi har na ƙoshi. So nake ita ta ji, sau ɗaya, cikin mutane."

Vatsala ta biyo mu dai, fuska a murtuke, ta zauna kusa da shi tana taɓa jijiyar hannunsa.

Silima ta cika maƙil da tsofaffi da jikokinsu. Aka zo wurin da jarumi ya laɓe bayan akwatuna a sito, kiɗa ya ɗauke, wuri ya yi tsit. Sai ƙwas. Sai shuuu. Ai kuwa wurin ya ɓarke da fito da tafi, alhali ko inuwar Tandel ba a gani ba. Mutane suka shiga buga ƙafa a ƙasa suna bin sawun. Tsigar jikina ta tashi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Kaka ya rufe ido. A ƙarƙashin bargo, ƙafafun nan da suka daina ɗaukarsa zuwa banɗaki suna motsi, ta dama na duka, ta hagu na ja, daidai da allo. Vatsala ba allon take kallo ba. Ta saki hannunsa, ta ɗora tafinta a gwiwarsa.

"Baba, me ka ɗaura wa ta hagun?"

"Tsumman buhu, jiƙaƙƙe. Ta daman kuma ƙusa na kafa a dunduniyar takalmin."

"Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Kin taɓa tambaya?"

Wani saurayi ya juyo daga gaba a fusace. "Haba tsoho, ku yi mana shiru, Tandel zai shigo!"

Kaka ya yi dariya har da tari. "Ai ya daɗe da shigowa, ɗana."

Vatsala ta tuntsire da dariya, hawaye na zuba, ko gogewa ba ta yi ba.

Bai kai wata Lahadin ba. Ya cika da rana tsaka, ana ruwan sama, Vatsala na ba shi kunun shinkafa a cokali yana ba ta labarin yadda ake yin ƙarar naushi da kabeji. Maza suka sauko da shi a makarar gora ta wannan matakalar dai, Yunus da Anton suka ba da kafaɗa, babu mai zaginsu. Wannan shirun ne ya sa ni kuka.

Bayan an gama makoki Vatsala ta rabar da kayansa, har agogo. Wata la'asar ina tsince shinkafa sai na ji ƙwas ta cikin bango. Aka yi jim, sannan wani ja mai gardama da bai yi kama da komai ba. Na leƙa ta tagarsu. Vatsala ce tsaye a tsakar ɗaki, ta tattare zanenta na sari da hannu ɗaya, ƙafafunta sun nutse cikin manyan takalman babanta, ga bokitin ruwa da tsumman buhu a gefe. Ta sunkuya ta ƙara jiƙa tsumman, ta sake ɗaga ƙafar dama.