Ranar da Zoɓo Ya Koma Kore

Malama Rahmatu tana koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Sabon Birni. Makarantar ba ta da kayan gwaji ko ɗaya, don haka darasin asid da alkali kullum a kan allo yake ƙarewa. Ta rubuta, su kwafa, su haddace, bayan jarrabawa su manta.

Wata safiya ta shigo aji da jarkar zoɓo marar sukari, da lemun tsami, da kanwa, da gindin robobin ruwa da ta yanke suka zama kofuna.

"Malama, walima za a yi?" in ji wata daga baya.

"Aiki za a yi. Kowa ta matso."

Ta zuba zoɓo a kofi biyu. Ta matsa lemun tsami a na farko, jan ya ƙara haske. Ta ɗiga ruwan kanwa a na biyu, nan take ya rine ya koma kore mai duhu. Ajin ya kaure da salati.

"Wanga shi ne asid," ta ce tana ɗaga na farko. "Wanga kuwa alkali."

"Alƙali? Na kotu?" in ji wata ɗaliba.

Aka yi ta dariya, har da Malama.

A ƙarshen benci akwai Surayya, wadda iyayenta suka taso daga Gatawa bara saboda 'yan bindiga. Tun zuwanta ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ranar sai ta ce a hankali, "Malama, in anka sa toka hwa?"

"Ba ni gaya miki. Je ki gwada, ki zo ki gaya muna."

Washegari ana tsakiyar darasi wata mata ta yi sallama a bakin ƙofa, ɗauke da bokiti, Surayya na bayanta kai a sunkuye. Inna Mairama ce, mahaifiyarta, mai sayar da zoɓo a bakin tasha. Ta sauke bokitin ta buɗe. Cike yake da ruwa kore kamar na tafki.

"Malama, ke kika ce ɗiyata ta zuba min toka cikin sana'a?"

Rahmatu ta ji kunya ta rufe ta. "Inna, ki yi haƙuri. Kofi guda nike nufi, ban yi mata bayani da kyau ba."

"Cokali ɗaya na sa," in ji Surayya. "Da na ga ya juya sai na ƙara, in gani ko za shi ƙara duhu."

"To ya ƙara?"

"Ya ƙara, Malama."

Inna Mairama ta dubi 'yarta, ta dubi malamar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun da suka baro gida ba ta ga yarinyar ta yi ɗokin wani abu ba sai jiya, shi ya sa ta kasa yi mata faɗa. Amma dai tana son ta san abin da ya ci mata zoɓo.

Rahmatu ta jawo mata kujera. Ta ɗebi kofi ɗaya daga bokitin ta miƙa wa Surayya tare da lemun tsami. Yarinyar ta matsa, ta juya da tsinke, ta ƙara matsawa. Sannu a hankali koren ya janye, ja ya dawo.

"Ikon Allah," in ji Inna Mairama. "Ana sha?"

"A'a, Inna, wanga ya tashi daga abin sha."

Matar ta yi dariya, ta ce to a bar wa yara bokitin su yi ta wasansu, za ta aiko a ɗauka da la'asar. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Ragowar ganyen zoɓon da nike zubarwa in na tace, tana yi muku amfani?"

"Ƙwarai kuwa."

"To za ni riƙa ba Surayya ta kawo. Amma kanwa da toka ku nemi naku."

Bayan ta tafi, Rahmatu ta raba ajin rukuni-rukuni, kowane da kofinsa. Wata ta ce gobe za ta zo da tsamiya, wata sabulu, wata nono. Surayya ta tambaya ko za ta iya kawo ruwan rijiyar unguwarsu, don yana da wani ɗanɗano da na Gatawa ba shi da shi. Malama ta ce ta kawo, ita ma ba ta san abin da zai nuna ba.